Inda Iska Take Kasuwa: Filin Zamiya na Bakin Teku da Dangantakarsa da Hunturu

Filin wasan iska wani yanki ne na bakin teku da ake keɓe wa masu zamiya a kan ruwa, waɗanda ba inji ke tura su ba, ba kuma tuƙi suke yi da hannu ba, iska ce kaɗai ke jan su. Manyan wasannin da ake yi a irin wannan fili biyu ne. A na farko, mutum yana tsaye a kan allo, yana riƙe da wani ƙyalle mai faɗi da aka ɗaure a jikin doguwar sanda, ita kuma sandar tana kafe a tsakiyar allon. Turawa na ce masa winsaf, da Hausa kuwa a iya kiransa zamiyar ƙyalle. A na biyu babu sanda a kan allon. Wata ƙatuwar laima ce ke shawagi can sama, an haɗa ta da ƙugun mai wasa da dogayen igiyoyi, tana jansa kamar yadda ingarma ke jan mai riƙe da ragama. Wannan shi ne kaitsaf, wato zamiyar laima. Masu wasannin dai sai a ce musu masu zamiya, domin sunan da zai fara zuwa bakin Bahaushe game da mutanen da suka ɗauki iska sana'a ba zai yi musu daɗi ba.

Nijar ba ta da teku. Daga Dantchiao, a gundumar Magarya ta jihar Damagaram, sai an ratsa Najeriya ko Benin daga arewa har kudu kafin a ga ruwan gishiri. Amma jarin wannan wasa iska ne kafin ruwa, kuma a sanin iska mutanen Magarya da Dungas ba baƙi ba ne. Iskar da ke busar musu da leɓe daga Nuwamba zuwa Maris ƴar ɗaki ɗaya ce da wadda ta mayar da wani busasshen tsibiri na Afirka ta Yamma ɗaya daga cikin shahararrun filayen zamiya na duniya.

Irin iskar da ake nema

Ba kowace iska ce ke yin wasa ba, kamar yadda ba kowace iska ce ke yin shiƙa ba. Mace mai shiƙar gero a masussuka takan fara ɗebo ɗan kaɗan a hannu ta saki, ta ga inda ƙaiƙayi ya nufa. Sai ta juya ta ba iskar gefenta, ta ɗaga ƙwarya daidai kafaɗa ta riƙa zubowa a hankali. In iskar ta tsaya, hatsi da ƙaiƙayi su sauka tare, aiki ya koma baya. In ta zo da fizga, har tsabar ta kwashe. In kuma tana juyawa, yanzu gabas anjima kudu, ƙaiƙayin a fuska da ɗankwali zai ƙare. Abin da take jira shi ne iska mai ɗorewa, mai fuska ɗaya, wadda ƙarfinta bai cika hawa da sauka ba. Mai zamiya da ke tsaye bakin teku da safe yana sakin yashi daga tafin hannunsa, abin da yake dubawa ke nan, babu ragi babu ƙari.

Yawancin masu zamiyar laima sun fi jin daɗin iska mai gudun kilomita 22 zuwa 45 a awa. Ƙasa da haka laima takan yi nauyi ta faɗo ruwa, sama da haka kuma sai ƙwararru. Akwai wani lissafi da kowane mai koyo ke haddacewa tun ranar farko: in gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take jan laima da shi ninkawa huɗu yake yi. Don haka iskar da ta tashi daga kilomita 20 ta koma 40 tana iya sunkutar ƙato daga ƙasa ta maka shi da wani abu. Shi ya sa iska mai fizga ta fi iska mai ƙarfi haɗari.

Bayan ƙarfi sai fuska. Iskar da aka fi so ita ce wadda ke bin gaɓa a kwance, ko wadda ke shigowa daga teku a karkace, domin ko igiya ta tsinke ko mutum ya gaji, a hankali za ta koro shi tudu. Wadda ke busowa daga tudu zuwa teku ita ce mugunya: ruwa yakan kwanta lumui ya yi kyan gani, amma duk wanda kayansa suka lalace sai ta yi ta tura shi ciki har ya ɓace wa ido. Wadda ke tahowa kai tsaye daga teku kuwa tana iya jefa mutum kan gini ko duwatsu.

Abu na uku shi ne sarari. Duk inda iska ta ci karo da itace ko bene, takan karye ta riƙa murɗawa a bayansa har nisan da ya ninka tsayin abin sau da yawa. A nan ne buƙatar manomi da ta mai zamiya suka raba hanya. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun yi suna a duniya wajen barin gawo ya tsiro a gonakinsu, har miliyoyin itatuwa suka dawo a yankin cikin shekarun da suka biyo bayan farin 1984, kuma ɗaya daga cikin amfanin gawon shi ne karya iskar farkon damina da ke kwaso yashi ta yanke gero yana ɗan tsiro. A kwarin Majiya na jihar Tawa ma tun 1975 aka fara dasa layukan dogonyaro don wannan manufa. Mai zamiya kuwa fili yake so fetal, inda babu ko kurna ɗaya tsakaninsa da inda iskar ta fito.

Asalin iskar

Rana ta fi dukan tsakiyar duniya, wajen layin da ya raba ta arewa da kudu. Iskar wurin takan yi zafi ta tashi sama, ta bazu, ta huce, ta sauko a wajen sararin da Sahara take, sannan ta sake bin ƙasa ta koma inda ta fito. Da yake duniya juyawa take yi, iskar ba ta miƙewa sak. A ɓangaren arewa karkacewa take yi, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas. Ita ce iskar da jiragen ruwa masu ƙyalle suka dogara da ita ɗaruruwan shekaru wajen ƙetare Atlantika daga Turai da Afirka zuwa nahiyar Amurka.

Reshenta da ke bi ta kan tudu shi ne hunturu. A arewacin Chadi iskar takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da gudu ta faɗa kwarin Bodele, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne, kuma babu wurin da ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Farar ƙurar nan da ke kwantawa a kan tabarma da murfin randa a Dantchiao, mai sa rana ta koma kamar faifai, kaso mai yawa nata daga can take. Ba ta tsayawa a ƙasar Hausa. Takan wuce Mali da Senegal ta hau teku, wani ɓangare nata har dajin Amazon yake kaiwa.

Reshen da ke bi ta kan teku kuwa yana gangarowa ta gaɓar Maroko da Muritaniya, da sanyi da ɗan laima, kuma da yake babu tudu ko kurmi a gabansa, lafiyayye yake isowa. A kan hanyar rassan nan biyu tsibiran Kabo Berde suke.

Tsibirin Sal

Kabo Berde, wadda Faransawa ke kira Cap-Vert, tsibirai goma ne a cikin Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar. Ta sami ƴancin kai daga Fotugal ranar 5 ga Yuli, 1975, babban birninta Praia. Sal na cikin tsibiran da suka fi kusa da Afirka, nisansa daga Magarya ya haura kilomita 3,000. Tsawonsa wajen kilomita 30 ne, faɗinsa bai fi 12 ba, shimfiɗaɗɗe ne, ruwan sama ba ya zuwa sai jefi-jefi. Wanda ya san hanyar Tanut zuwa Agadas ba zai ga baƙon abu a ƙasar Sal ba, sai dai tekun da ya kewaye ta.

Sunan tsibirin da harshen Fotugal gishiri yake nufi, kuma da gishiri ya rayu, kamar Bilma da Fashi. An kafa garin Santa Maria a ƙarshen kudu a 1830 domin haƙo shi da lodinsa a jirage, akwai kuma wata mahaƙar a Pedra de Lume, cikin ramin wani mataccen dutse mai aman wuta. Da kasuwar gishirin ta mutu, filin jirgin sama ne ya riƙe tsibirin. Italiyawa ne suka fara gina shi a 1939, daga baya jiragen Afirka ta Kudu suka riƙa sauka shan mai a zamanin wariyar launin fata, lokacin da yawancin ƙasashen Afirka suka hana su ratsa samaniyarsu. Yau filin yana ɗauke da sunan Amilcar Cabral, kuma jiragen da ke sauka masu yawon buɗe ido suke kawowa, da yawansu da dogayen jakunkuna na allo da laima.

Daga Nuwamba zuwa wajen Afrilu ko Mayu iskar arewa maso gabas kusan kullum tana nan. Wasu ranaku tsakanin Disamba da Fabrairu takan juyo sosai daga gabas ta kawo ƙurar Sahara, hazo ya rufe tsibiran har jirage su kasa sauka. Mutanen can na ce masa bruma seca, busasshen hazo ke nan, kuma shi ne dai hazon da ake gani a Damagaram da Kano.

Tsibirin yana da filaye biyu da suka yi suna, halinsu kuma ya sha bamban. A kudu maso gabas akwai wata doguwar gaɓa mai farin yashi a yankin Costa da Fragata, wadda kowa ke kira Kite Beach. Iska na shigowa can daga teku a karkace, bayan gaɓar kuma tuddan yashi ne kawai, babu gini. Nan ne makarantu suke, nan masu koyo ke shan ruwan gishiri. A kudu maso yamma kuma akwai Ponta Preta, wato baƙin tsini, saboda baƙaƙen duwatsun da ke bakin ruwan. Raƙuman ruwa da guguwar hunturun Turai ke tayarwa a arewacin Atlantika sukan yi tafiyar dubban kilomita su zo su karye a nan, dogaye, a jere, wani lokaci sun ninka tsayin mutum sau biyu ko fiye. Iskar wurin daga tudu take fitowa a karkace, tana gyara fuskar raƙumin ta yi sumul. Wannan shi ya sa gwanaye ke sonsa, shi ne kuma ya sa ba a barin sabon shiga ya kusance shi.

Kayan aiki da yadda suke aiki

Laimar zamiya da yadi mai ƙarfi marar nauyi ake yin ta, siffarta kamar jinjirin wata. Gefenta na gaba bututu ne da ake hura wa iska da famfo, shi ke ba ta siffa, shi ke hana ta nutsewa in ta faɗa ruwa. Girmanta yakan kama daga murabba'in mita 5 zuwa 17. Mai murabba'in mita 12, wadda aka fi amfani da ita a matsakaiciyar iska, ta kai shimfiɗar ɗaki mai mita uku da huɗu. In iska ta ƙaru sai a sauya ƙarama, shi ya sa mai wasa ba ya tafiya da laima ɗaya.

Igiyoyi huɗu ne ko biyar, sirara kamar tsirkiya amma kowace tana ɗaukar nauyin mutum fiye da ɗaya, tsawonsu tsakanin mita 20 da 27. Biyu na gaba suna zuwa kan ƙugiyar wata ɗamara mai faɗi da mai wasa ke ɗaurawa a ƙugu, don haka jiki ne ke ɗaukar ja, hannu ba ya wahala. Biyu na baya suna ɗaure a bakunan wata gajeriyar sanda da ke aikin linzami: a ja dama laima ta yi dama, a ja hagu ta yi hagu, a jawo sandar jiki ƙarfi ya ƙaru, a tura ta gaba ya ragu. Kuskuren kowane mai koyo ɗaya ne. In ya tsorata sai ya ƙanƙame sandar ya jawo ta ƙirji, alhali sakinta ne mafita. A gaban ɗamarar kuma akwai wani jan maɓalli da ake turawa in abu ya ɓaci, nan take laimar ta saki iska ta faɗi kamar wanki.

Fara tafiya yana da tsari. Mai wasa zai shimfiɗa laima a yashi ya danne gefenta da ƙasa kada ta tashi, ya warware igiyoyi yana tafiya da baya yana ratsa su da yatsu ɗaya bayan ɗaya, don igiya ɗaya da ta hau kan ƴar'uwarta ta isa ta sa laima ta yi ta juyi babu linzami. Wani zai ɗaga masa laimar a gefen iska, ba ya saki sai ya ga an ɗaga masa babban yatsa. Daga nan sai ya kai ta saman kansa, inda ba ta da ja sosai, ya shiga ruwa ya zauna, ya zura ƙafafu a madaurin allo, sannan ya sunkuyo da laimar gaba da sauri. Jan da za ta yi shi ke tsayar da shi a kan ruwa. In ya dawo yana son a kama masa, sai ya dafa tsakar kansa da tafin hannu, alamar da aka sani a kowane fili a duniya.

A zamiyar ƙyalle, sirrin yana gindin sanda. An haɗa ta da allo da wata gaɓa mai juyawa ko'ina kamar wuyan hannu. Babu abin juya jirgi a baya. In aka karkata ƙyallen gaba, allo ya bi iska, in aka karkata shi baya, allo ya fuskance ta. Ranar farko ta fi ta laima sauƙi, domin cikin awa ɗaya ko biyu mutum na iya tsayawa ya ɗan yi gaba, amma gwanintarta ta fi cin shekaru, kayan kuma sun fi nauyin ɗauka.

Tambayar da mai kallo ya fi yi ita ce yadda mutum ke komawa inda ya fito alhali iska ɗaya ce ke busawa. Laima da ƙyalle ba buhu ba ne da iska ke cikawa ta tura. Aikin fiffike suke yi: iska na ratsa bayansu da ya kumbura da sauri fiye da cikinsu, sai a sami ja zuwa gefe. Mai wasa yana dasa gefen allonsa cikin ruwa ya ƙi bin jan kai tsaye, ƙarfin sai ya matse ya koma tafiya gaba. Ta haka ana iya ratsa iska, har a ɗan hau ta a karkace. Ba a iya fuskantarta sak, sai a yi ta kai da komo, kamar yadda jaki mai kaya ke hawan jigawa a gicciye. Ranar da mai koyo ya fita ya dawo daidai inda ya bar takalmansa, ba tare da ya sauka can ƙasa ya tako da allo a hammata ba, ranar ake cewa ya iya.

Tsarin fili

Gaɓa mai iska ba ta zama fili sai an tsara ta. Igiya mai mita 25 da ke ɗaure da laima a cikin iska tana yanka kamar reza, don haka abu na farko shi ne raba masu wanka da masu zamiya, da tutoci a tudu da balo-balai masu iyo a ruwa. Ana ware wurin hura laima da shimfiɗa igiya, da wata ƙofa ta shiga da fita ruwa wadda ba a tsayawa a cikinta, da ɓangaren masu koyo can ƙasan iska, inda in laima ta kuɓuce ba za ta faɗa kan kowa ba. Filin kirki yana da jirgin ceto mai inji da mutumin da ba shi da aiki sai kallon ruwa.

A cikin ruwan ma akwai dokar hanya, wadda aka aro daga matuƙan jirage. In biyu suka fuskanci juna, wanda iska ke bugunsa ta dama, wato hannunsa na dama ne a gaba, shi ke da hanya. Wanda ke sama da iska ya ɗaga laimarsa, na ƙasa ya sunkuyar da tasa, igiyoyi su wuce ba su sarƙe ba. Mai shiga ruwa daga tudu ana ba shi hanya, domin a kan yashi haɗari ya fi yawa. Mafi munin raunuka a wannan wasa a tudu ake samunsu, lokacin tayar da laima ko saukar da ita, ba a tsakiyar teku ba.

Taƙaitaccen tarihi

Laimar wasa da ake tayarwa da zare ta haura shekara dubu biyu a ƙasar Sin. A shekarun 1820 wani malamin makaranta a Bristol ta Ingila, George Pocock, ya ɗaura manyan laimomi a keken doki suka ja shi a kan hanya. Zamiyar ƙyalle ta zamani kuwa ta fito ne daga Kalifoniya, inda Jim Drake da Hoyle Schweitzer suka nemi rajistar ƙirarsu a 1968, ko da yake daga baya an tabbatar cewa wasu sun riga su gwada irinta, cikinsu har da wani yaro ɗan Ingila, Peter Chilvers, a 1958. Ta shiga gasar Olamfik ta maza a Los Angeles a 1984, ta mata kuma a Barcelona a 1992. Laima mai bututun iska ƙirar wasu ƴan'uwa biyu ce Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, a 1984, amma sai a ƙarshen shekarun 1990 wasan ya kankama a tsibirin Maui na Hawai. Ya shiga Olamfik a 2024, aka yi tseren a Marseille, a kan alluna masu fiffike a ƙarƙashin ruwa da ke ɗaga mutum sama da teku gaba ɗaya. A fagen gudu kuma Afirka na da nata suna: a Luderitz ta Namibiya, cikin wata doguwar magudana da aka haƙa don haka, Alexandre Caizergues na Faransa ya haura kilomita 100 a awa da laima a 2010.

Abin da iska ta kawo wa Sal

Baƙi ne suka fara kawo wasan, amma ƴan gida ne suka ɗaga sunan tsibirin. Josh Angulo, mutumin Hawai da ya zauna a Sal, ya zama zakaran duniya na zamiyar ƙyalle a kan raƙuman ruwa a 2003 da 2009. Mitu Monteiro, haifaffen tsibirin, ya ci kambun duniya na laima a 2008, yana kuma da makaranta a Kite Beach. Bayansa Airton Cozzolino da Matchu Lopes, su ma ƴaƴan ƙasar, suka ci nasu kambun. A Yunin 2019 Sal ne ya karɓi gasar wasannin bakin teku ta Afirka karo na farko. Ga ƙasar da mutanenta ba su kai na birnin Yamai yawa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yawon buɗe ido na kawo wajen kashi ɗaya cikin huɗu na arzikin Kabo Berde, kuma Sal ne ke kan gaba. Aiki ya samu ga masu koyarwa da masu jirgin ceto da masu ɗinkin laimar da ta yage da direbobin da ke jigila tsakanin Santa Maria da gaɓa. Mutane sun kwararo daga sauran tsibiran, da kuma Senegal da Gine Bisau da Najeriya, wasu suna gini, wasu suna sayar da sassaƙa da atamfa a titunan garin. Sai dai rabon bai daidaita ba. Manyan otal-otal galibi na kamfanonin Turai ne, baƙo ya biya kuɗin ci da sha da kwana tun daga ƙasarsa, ɗan abin da ke zuba a kasuwar gari kaɗan ne. Ruwan sha daga teku ake tace shi, da tsada. Sabon saitin laima da allo da ɗamara ya fi kuɗin sabon babur, shi ya sa yaran tsibirin da suka yi fice galibi da kwancen kayan baƙi suka fara.

Akwai kuma masu gaɓar na asali. Kunkurun teku mai babban kai yana fitowa yashin Kabo Berde ya yi ƙwai tsakanin Yuni da Oktoba, kuma ƙasar na cikin manyan wuraren haihuwarsa a duniya. Costa da Fragata, inda Kite Beach take, keɓaɓɓen wuri ne a doka saboda shi da tuddan yashin. An yi dace lokacin ƙwai ya faɗo a watannin da iska ke rauni, baƙi kuma sun ragu, amma motocin yashi masu ƙafa huɗu da fitilun otal da ke ruɗar ƴaƴan kunkuru su nufi tudu maimakon teku suna nan suna ɓarna. Gini a bayan gaɓa kuwa laifi biyu yake yi, ya tare yashin da iska ke kawowa, ya kuma karya iskar da ita ce dalilin zuwan baƙin.

Sauran wurare, da abin da ke kusa da gida

Sal ba shi kaɗai ba ne a Afirka. Dakhla, a Yammacin Sahara da ake taƙaddama a kai, tana da dogon tafkin teku mai kwantaccen ruwa a bakin hamada. Essaouira ta Maroko ana yi mata laƙabi da birnin iska. A Paje ta Zanzibar lokaci biyu ne, iskar kusi daga kudu a tsakiyar shekara da kaskazi daga arewa wajen Disamba zuwa Fabrairu. Akwai kuma gaɓar Bahar Maliya a Masar da birnin Cape Town.

Wasan ba dole sai da ruwan gishiri ba, ana yinsa a manyan tafkuna da madatsun ruwa. A ƙasar Hausa da kewayenta akwai ruwaye masu faɗi kamar Tiga a jihar Kano, da Madarumfa kusa da Maraɗi, da Tabalak, da Gidimuni a jihar Damagaram, kuma hunturu na busawa a kansu duka. Cikas ɗin a bayyane suke. Iskar tudu ta fi ta teku fizga, takan yi ƙarfi da hantsi ta faɗi da yamma. Ruwan tafki ya fi cika a ƙarshen damina, lokacin da iska ba ta da tabbas, in hunturu ya kankama kuma ya fara ja da baya, masu lambu na bin sawunsa da albasa da kabeji da rake. Ga kacalla da ta cinye bakin tafkuna da yawa, ga tarun masunta, ga tsargiya a ruwan da ba ya gudu. Iskar da ke gaban hadarin damina kuwa, wadda ke tasowa daga gabas da jar ƙura ta kwashe jinka, babu mai hankalin da zai ɗaga mata laima.

Abin da Sahel ke da shi a wadace shi ne fili. Ana yin zamiyar iska a tudu da keke mai ƙafa uku da aka kafa wa ƙyalle, ko wanda laima ke ja, a kan busasshen tafki ko dakakkiyar ƙasa mai santsi. An taɓa gwada shi a Sahara da gaske: a 1967 wani ayari na matuƙa daga ƙasashe da dama, ƙarƙashin jagorancin wani hafsan Faransa, Jean du Boucher, ya tashi daga Bechar ta Aljeriya da irin waɗannan kekuna, suka yi tafiyar sama da kilomita 2,000 cikin kusan wata ɗaya, suka sauka a Nuwakshot, bakin Atlantika.